Derartu Tulu: Ƴar Makiyayan Bekoji da Shekaru 17 na Gudu

Ranar 7 ga watan Agusta na shekarar 1992, a wasannin Olimpik na birnin Barselona, wata budurwa ƴar Habasha mai shekaru 20 ta lashe tseren mita 10,000. Sunanta Derartu Tulu, kuma ita ce baƙar mace ta farko daga Afirka da ta ɗauki lambar zinariya a waɗannan wasanni. Ta yi ta bin sawun Elana Meyer, farar fata ƴar Afirka ta Kudu, har sai da aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, sannan ta wuce ta. Da aka gama, su biyun suka kama hannun juna suka zagaya filin. A wannan shekarar ce aka sake karɓar Afirka ta Kudu cikin wasannin, bayan rabonta da su tun 1960 saboda mulkin wariyar launin fata. Ita kuwa Habasha ta ƙaurace wa wasannin 1984 da na 1988.

Hoton wannan zagaye ya karaɗe duniya, kuma da shi ne akasarin mutane suke tunawa da ita. Amma wanda ya tsaya a kansa bai san Derartu ba, domin abin da ta yi bayansa ya fi shi wuya.

An haife ta a 1972 a Bekoji, wani ƙaramin gari na yankin Arsi, cikin ƙasar Oromo, kan tudu mai tsayin kusan mita 2,800. Ta tashi tana kiwon shanun gidansu. Bayan Barselona sai ciwon gwiwa ya zaunar da ita, har wasu suka ɗauka tauraruwarta ta faɗi. Ta dawo a 1995 ta lashe gasar duniya ta gudun ratsa daji, ta maimaita a 1997 da 2000. A Atlanta, a 1996, ta huɗu ta zo. Ta haihu a 1998, lokacin da ake ganin haihuwa ita ce ƙarshen gudu ga mace. Shekaru biyu bayan haka, a Sidni, ta sake ɗaukar zinariyar mita 10,000 cikin minti 30 da daƙiƙa 17.

Daga nan ta ƙara ƙarfi a gudun yada-ƙanin-wani, mai kilomita 42 da mita 195. A 2001 kaɗai ta lashe na Landan da na Tokiyo, ta kuma zama zakarar duniya a mita 10,000. A 2004 ta samu lambar tagulla a Atens. Ta sake haihuwa a 2006, aka daina jin ɗuriyarta.

Sai ga ta a Niyu Yok a watan Nuwamba na 2009, tana da shekaru 37. A tsakiyar tseren, Paula Radcliffe ƴar Ingila, mai riƙe da bajintar duniya a lokacin, ta fara ja da baya saboda ciwon ƙafa. Derartu ta waiwaya tana ƙarfafa mata gwiwa ta biyo su, alhali tsohuwar abokiyar hamayyarta ce. Radcliffe ta ƙare ta huɗu. Derartu ta lashe tseren cikin awa 2 da minti 28 da daƙiƙa 52, mace ta farko ƴar Habasha da ta yi nasara a can.

Idan na gaba ya tsallake, na baya ya san hanya. Ƴan uwanta Tirunesh da Genzebe Dibaba, su ma ƴan Bekoji, sun biyo sawunta sun kafa bajintar duniya. Ita kuma ta shugabanci hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta Habasha daga 2018 zuwa 2024. Iyayen Arsi da suke barin ƴaƴansu mata su fita atisaye da asuba sun riga sun ga wadda ta yi gudu, ta yi goyo, ta koma fage ta ci.