Ƙaton Kada Na Gadufawa

A hamadar Tenere, gabas da Agadas, akwai wani wuri ana ce da shi Gadufawa. Yau ba kome a can sai rairayi da duwatsu, amma shekara wajen miliyan 110 da suka wuce koguna ne ke gudana. A cikinsu wani ƙaton ɗan'uwan kada ya zauna, masana na kiransa Sarkosukus. A 1964 waɗansu Faransawa masu neman ma'adini suka sami ƙoƙon kansa. Kan babbansu ya fi ƙafa 5, tsawon jikinsa kuwa wajen ƙafa 30.

Girman nan bai hana irinsa ƙarewa ba. Bayansa da daɗewa, yau shekara miliyan 66 ke nan, wani gawurtaccen dutse ya faɗo daga sama a ƙasar Meksiko. Ƙura ta rufe rana, tsire-tsire suka mutu, manyan dabbobin nan da ake kira dainoso suka halaka. Amma waɗansu kadoji suka tsira. Masana sun ce dalili shi ne suna fakewa cikin ruwa, suna cin mushe, suna kuma iya yin watanni ba su ci kome ba. Zuriyarsu ce ke shan hantsi a bakin Kwara da Binuwai har yau. Ashe mai jure yunwa ya fi mai ƙarfi daɗewa.