Gashin ƙashi

Gashin ƙashi, wanda kuma ake kira fisiyo, fanni ne na kiwon lafiya da ke amfani da atisaye, tausa, ɗumi, sanyi da na'urorin lantarki wajen rage ciwo da dawo da motsin jiki bayan rauni, tiyata ko rashin lafiya. Sunan Hausa ya samo asali ne daga gasa wurin da ke ciwo da ɗumi, sai dai gashi ƙaramin sashe ne na aikin. Ginshiƙinsa shi ne atisayen da likitan fisiyo ke tsara wa kowane majiyyaci gwargwadon larurarsa.

Tarihi

Ana danganta tushen fannin na zamani da Per Henrik Ling, wanda ya kafa cibiyar koyar da motsa jiki a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 1813. Fannin ya bunƙasa a ƙarni na 20 saboda ɗimbin sojojin da suka ji rauni a yaƙe-yaƙen duniya da kuma annobar shan inna. A Najeriya an fara aikin a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas. An kafa ƙungiyar likitocin fisiyo ta ƙasa a 1959, kuma Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin a 1966. A Arewa, Jami'ar Bayero ta Kano na cikin manyan wuraren horar da su. Ana bikin ranar fisiyo ta duniya a ranar 8 ga Satumba.

Larurorin da ake dubawa

A Hausa, kalmar jijiya ta haɗa abubuwa uku: hanyar jini, igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi kamar agara, da kuma jijiyar da ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka. Don haka idan majiyyaci ya ce jijiya ke damunsa, sai an bincika kafin a san wadda yake nufi, domin maganinsu ya bambanta.

Ƙashi: bayan karaya, ƙashin babban mutum kan ɗauki makonni 6 zuwa 12 kafin ya haɗe. A wannan lokaci tsoka kan rame, gaɓa ta sandare, sai da atisaye suke dawowa.

Gaɓoɓi: amosanin gaɓɓai, wato zaizayewar guringuntsi, ya fi kama gwiwa da ƙugu. Sandarewar kafaɗa kuma ta fi yawa ga masu ciwon suga. Ciwon baya shi ne kan gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da shi a 2020.

Agara da tsoka: targaɗe, yagewar tsoka da kumburin agara sakamakon maimaita aiki iri ɗaya.

Jijiyoyin saƙo: shanyewar ɓarin jiki, karkacewar baki, shanyewar hannun jariri bayan doguwar naƙuda, da lanƙwashewar ƙafa idan allurar da aka yi a ɗuwawu ta taɓa babbar jijiyar ƙafa. Jijiyar da ta lalace kan tsiro da kimanin milimita ɗaya a rana, shi ya sa jinyar kan ɗauki watanni.

Hanyoyin magani

Likitan fisiyo kan fara da tambayoyi, sannan ya auna ƙarfin tsoka, iyakar motsin gaɓa da yadda fata ke jin taɓi. Daga nan yakan haɗa atisayen miƙewa da na ƙarfafa tsoka, tausa, koyar da tafiya da sanda, da na'urar da ke motsa tsoka da ɗan lantarki. Sabon targaɗe ƙanƙara ake sa masa a kwanaki biyu zuwa uku na farko, domin ɗumi na ƙara kumburi. Ba a gasa wurin da ya daina jin taɓi, saboda mutum zai iya ƙonewa bai sani ba. Ciwon baya da ya zo tare da kasa riƙe fitsari ko mutuwar ƙafafu yana buƙatar asibiti cikin gaggawa.

A Batsari da Safana

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a yammacin Jihar Katsina, a gefen Dajin Rugu. Yawancin mazaunansu manoma ne da makiyaya. Noma da fartanya a duƙe, ɗaukar kaya a ka da faɗuwa daga babur na cikin abubuwan da ke kawo ciwon baya da karaya. Hare-haren 'yan bindiga na shekarun nan sun ƙara yawan masu raunin harbi, sun kuma sa tafiya neman magani ta yi wuya. Akwai kuma manya da shan inna ta naƙasa tun suna yara, duk da cewa an ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agusta na 2020.

Manyan asibitocin da ake tura masu irin waɗannan larurori suna cikin birnin Katsina, wato Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Janar Amadi Rimi, sai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Tun da gashin ƙashi na buƙatar zuwa akai-akai, kuɗin mota da nisa kan sa wasu su yanke jinya. Saboda haka likitoci kan koya wa majiyyaci da ɗan jinyarsa atisayen da za su ci gaba da yi a gida.

Dangantaka da ɗorin gargajiya

A karkara, mai ɗori ne mutane da dama ke fara zuwa wurinsa saboda kusanci, sauƙin kuɗi da yarda da gado. Haɗarin shi ne ɗaurin karare da ya matse yakan tsayar da jini har gaɓa ta ruɓe, wani lokaci sai an yanke ta. Ƙashi kuma kan haɗe a karkace idan ba a ɗauki hoto ba. Kumburin yatsu, sanyinsu, canjin launi ko rashin jin taɓi bayan ɗori alamu ne na a garzaya asibiti. Gaɓar da aka fara motsawa da wuri bisa shawarar likita ta fi saurin dawowa aiki fiye da wadda ta yi watanni a sandare.