Ɗurin Bindiga a Kan Iyakar Daura da Damagaram: Martani ga Masu Ganin Ci-baya

Tun da Joseph Smaldone ya fitar da littafinsa kan yaƙi a Daular Sakkwato a 1977, akasarin masu nazari sun yarda cewa bindiga ta ƙara samun gurbi a ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 19. Wannan ba abin jayayya ba ne. Inda nake da ja shi ne ra'ayin da wasu suka ɗora a kan wannan hujja, wai riƙon da mayaƙan yankin Daura suka yi wa bindigar ɗuri, wadda ake kira harba-ka-ruga, alhali bindiga mai harsashi ta riga ta shigo Afirka, alama ce ta ci-baya. A ganina sun ƙidaya bindigogi, sun manta da abin da ake ɗura musu.

Tarihin rabuwar Daura sananne ne (M. G. Smith, 1978): Malam Isiyaku ya karɓi birnin a 1805, gidan sarautar Haɓe ya koma Zango da Ɓaure, Zango kuma ta shiga inuwar Damagaram. Sarki Tanimu na Damagaram, wanda ya rasu a 1884, ya tara 'yan bindiga, ya sa aka ƙera igwa aka kuma haɗa albarushi a Zinder. Ke nan ƙasar Daura ta zauna dab da babbar cibiyar albarushi ta wannan yanki.

Albarushi abu uku ne: gawayi, farar wuta, da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasar da fitsarin dabbobi ya daɗe yana jiƙawa. Gishirin ne ya fi yawa, kusan kashi 75 cikin 100, gawayi 15, farar wuta 10. Biyu daga cikin ukun ana samunsu a gida, farar wuta ce kaɗai ake jiran fatake su kawo. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da maharbi yana ɗuri ya san sauran aikin. Zai zuba albarushi ta bakin bindiga, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, ya duba yatsu nawa sandar ta ɗago sama da baki, don da haka yake sanin nauyin ɗurinsa. Sannan ya zuba dalma, in babu dalma guntayen ƙarfen da maƙeri ya sassara sun wadatar. Bindigar ba ta zaɓen abinci.

Mai harsashi kuwa tana zaɓe. Kowace iri da nata kwanson tagulla, kuma a gindin kwanson akwai 'yar ƙwayar tartsatsi da ake haɗawa da sinadarin zaiba a masana'anta. Ana iya sake cika kwanso da albarushin gida, a narka dalma a zuba a mazubi, amma ƙwayar nan ba ta fitowa daga maƙera. Ko a Amurka, inda kamfanin Winchester da na Ideal, wanda aka kafa a 1884, suka riƙa sayar wa maharba kayan sake cika harsashi masu kama da awartaki, ƙwayar sai an saya. Ga kuma yarjejeniyar Brussels ta 1890 da ta hana sayar wa mafi yawan ƙasashen Afirka bindigogin zamani da harsasansu, ta bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin bindigogi da albarushi.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini ita ce ta Samori Ture da Rabeh. Za a ce maƙeran Samori sun kwaikwayi bindigar Gras ta Faransa, sun sake cika kwansuna, Rabeh ma ya ci Borno a 1893 da ƙarfin bindiga, to me ya hana Daura? Ban raina wannan tambaya ba. Sai dai Samori yana da hanyar ciniki zuwa Saliyo, yana da zinariya da hauren giwa, ya tattara maƙera a ƙarƙashin ikonsa suna aiki ɗaya. Duk da haka, da hanyar gaɓar teku ta tsuke masa, sai da ya ji jiki. Daura tana nesa da teku, ta rabu gida uku, kowane gida yana biyan wani babba. Sarkin da ya zuba dukiyarsa a bindigar da harsashinta zai ƙare a yaƙi ɗaya, to sanduna masu tsada ya saya.

Ba ina cewa harba-ka-ruga ce ke yanke hukunci a fagen fama ba. Doki da mashi da baka su ne ƙashin bayan runduna har zuwan Turawa, kuma faɗuwar Zinder a 1899 da ta Kano a 1903 sun nuna iyakar bindigar ɗuri. Da'awata ƙarama ce: daga zamanin Tanimu zuwa 1899, zaɓen bindigar da ake iya ciyarwa daga kasuwar gida lissafi ne mai kyau, kuma da wuya a kira shi jahilci.

Ilimin nan bai mutu ba tukuna. 'Yan bindiga na harbawa a hawan Sallah da Sallar Gani a Daura, akwai kuma tsofaffin maƙera da maharba a Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa. Ina kira ga Masarautar Daura da sassan tarihi na jami'o'inmu su tura ɗalibai su zauna da dattawan nan, su rubuta ma'auninsu da sunayen kayan aikinsu tun suna raye.