Kaza Ta Kwana Kan Dami: Labarin Faifan BLO na 1973

A shekarar 1973 an yi wasu faya-fayai guda biyu na kiɗan rok a birnin Legas, kuma dukansu akwai hannun kamfanin EMI a ciki. Na farko na baƙo ne, wato Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ta Ingila, wanda ya zo da matarsa Linda da abokin kiɗansa Denny Laine, su uku, suka ɗauki faifan Band on the Run a situdiyon EMI da ke Apapa. Na biyu kuwa na 'yan gida ne, su ma su uku, ƙungiyarsu ana ce mata BLO, faifan kuma sunansa Chapter One, wato babi na ɗaya. Faifan baƙo ya zagaye duniya, ya ci lambar yabo ta Grammy, har yau ana sayar da shi. Na 'yan gida kuwa, ko a Legas ɗin sai ka sha tambaya kafin ka samu wanda ya san shi. To, wannan na biyun nake so in ba da tarihinsa, domin ina cikin masu ƙaunarsa, kuma a ganina an danne masa haƙƙi.

Na san wani zai ce, Malam, me ya haɗa mu da kiɗan Turawa? Amsa ita ce shi kansa rok ɗin jikan kiɗan baƙar fatan Amurka ne. Daga waƙoƙin baƙin ciki na jikokin bayi, wanda suke kira bulus, aka samo tushensa. Chuck Berry da Little Richard, waɗanda suka kafa masa harsashi a shekarun 1950, baƙar fata ne. Jimi Hendrix, wanda har gobe ake cewa ba a yi gwanin jita kamarsa ba, shi ma baƙar fata ne, ya rasu a Landan a watan Satumba na 1970. Saboda haka da samarin Legas suka rungumi jita mai lantarki, ɗan'uwa ne da ya daɗe a tafiya ya dawo gida da baƙin kaya a jikinsa, suka gane shi ta tafiyarsa.

Sai mu duba zamanin. Yaƙin basasa ya fara a 1967, ya ƙare a watan Janairu na 1970. Samarin da suka tashi cikin ƙarar bindiga ba su iya komawa ga kiɗan hailaif mai sanyi na iyayensu ba, suna neman abu mai zafi da ƙara. A ƙarshen 1970 James Brown ya zo Nijeriya ya yi wasa, ya ƙara wa wutar fetur. Fela ya dawo daga Amurka da sabon salonsa. A ranar 1 ga Janairu 1973 aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, a cikin watan kuma Legas ta karɓi wasannin ƙasashen Afirka karo na biyu. Kafin shekarar ta ƙare farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya, kuɗi suka fara shigo wa gwamnatin Janar Gowon. Gari ne da ke ji da kansa, kowane saurayi yana ganin babu abin da ya gagare shi. A cikin wannan iska aka haifi BLO.

Sunan ƙungiyar ba wani abu ba ne illa haruffan farko na sunayensu. B shi ne Berkley Jones mai jita. L shi ne Laolu Akins mai ganguna. O kuma Mike Odumosu ne, mai babbar jitar nan mai kaurin amo da ake kira bes. Tun a ƙarshen shekarun 1960 sun san juna a wata ƙungiyar samari mai suna Clusters, inda suke kwaikwayon waƙoƙin Ingila da Amurka kamar yadda kowa ke yi a lokacin. Abin da ya sauya musu hanya shi ne zuwan wani Bature mai jan gashi, Ginger Baker, makaɗin gangunan ƙungiyar Cream. Wannan mutum kiɗan Afirka ya shiga ransa, har a 1971 ya ratso hamadar Sahara da mota ya iso Nijeriya, ya yi abota da Fela, suka yi faifai tare, daga baya ya gina situdiyonsa a Ikeja. Ya kafa wata ƙungiya mai suna Salt, ya ɗebi makaɗan Legas, cikinsu har da Berkley da Laolu da tagwayen nan 'yan gidan Lijadu, ya tafi da su yawon wasa Turai da Amurka a 1972.

Tafiyar ba ta yi tsawon rai ba, ƙungiyar ta watse. Amma samarin sun dawo da wani ilimi da ba a sayensa a kanti. Sun ga manyan dandamali, sun ga yadda ake sarrafa lasifika, sannan sun gane cewa abin da Bature ya ratso hamada yana nema, ai a hannunsu yake tun suna yara. Suna dawowa suka haɗu da Odumosu suka ce su uku sun isa. Ita ma Cream ta Baker ai mutum uku ce, haka ƙungiyar Hendrix. Amma a Legas ta wancan lokaci wannan ƙarfin hali ne, domin makaɗin da ya amsa sunansa yakan hau dandamali da mutum goma sha, ga masu busa ƙaho, ga masu amshi, ga 'yan rawa. Su kuwa suka tsaya kamar duwatsun murhu, in ka cire ɗaya tukunya ta kife.

Faifan yana da waƙoƙi takwas, huɗu a kowace fuska. Ya buɗe da Preacher Man, ya bi da Time to Face the Sun, sai Beware, sai We Gonna Have a Party. In ka juya shi ka samu Don't, da Chant to Mother Earth, da We Are Out Together, ya rufe da Miss Sagit. Ni dai abin da ya fara kama ni a cikinsa shi ne gangunan Laolu. A yawancin kiɗan rok na Turai ganga tana tafiya ne kamar faretin soja, dama, hagu, dama, hagu. Ta Laolu kuwa rangaji take yi, tana jinkirtawa a inda kake tsammanin za ta faɗo, ta faɗo a inda ba ka zata ba, kamar yadda makaɗin kalangu ke wasa da ƙafar mai rawa. Odumosu shi ne turken, yakan kama gajeren zango ɗaya ya yi ta maimaita shi, ba ya gajiya ba ya gaggawa, har sai ya zauna maka a ƙirji.

A kan wannan shimfiɗa Berkley yake sakin jitarsa. Yana amfani da 'yan na'urorin nan da ake takawa da ƙafa, ɗaya ta sa sautin ya dushe ya yi gurnani, ɗaya ta sa ya riƙa buɗewa yana rufewa kamar bakin jariri mai kuka. Wani lokaci sai ka ji kamar kukuma ce aka jona wa lantarki. Abin da ya bambanta shi da masu kwaikwayo shi ne haƙuri. Ba ya cika wuri da surutu don a ce ya iya. Yakan bar fili, ya bar ganga ta yi magana, sannan ya amsa mata. Duk wanda ya taɓa sauraren Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya san cewa yawan kaya ba shi ne kiɗa ba. Sanin inda za ka taɓa da inda za ka ɗaga hannu, shi ne gwaninta.

In za ka saurari waƙa ɗaya tak a faifan, to ka nemi Chant to Mother Earth. A hankali take tafiya, kamar ayarin raƙuma da yamma. Muryoyin suna tashi tare kamar masu kirari daga nesa, jita tana zagaye su, tana hawa a sannu har ta kai inda za ka ji tsigar jikinka ta tashi, sannan ta sauko. Ba waƙar rawa ba ce, ta zama a yi shiru ce. Kuma a nan nake ganin matsalar faifan ta faro, domin kasuwar Legas ta 1973 rawa take so.

Ga wani abin mamaki. A daidai wannan lokaci EMI ta ɗauki wasu yara 'yan makarantar St. Gregory da ke Obalende, masu ƙungiya mai suna Ofege, ta fitar musu da faifan Try and Love. Wannan faifai ya karɓu ƙwarai, 'yan makaranta suka haddace shi daga Legas har sauran manyan garuruwa. To, jitar nan mai zafi da jama'a suka yi ta yabo a cikinsa, Berkley Jones ne aka ɗauko ya kaɗa ta a situdiyo. Ka ji fa. Hannu ɗaya ne ya yi aikin biyu, aka yi wa na aro tafi, aka wuce nasa na kansa. Ban faɗi haka don in rage wa Ofege daraja ba, yara ne masu basira, waƙoƙinsu na soyayya kuma suna da daɗin kamawa. Sai dai abin yana nuna mana cewa abin da ya hana Chapter One tashi ba rashin iyawa ba ne.

Bahaushe ya ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A nan kuwa rawa ce ta sauya, ta tilasta wa kiɗa ya bi ta. BLO suka bar EMI suka koma Afrodisia, suka fitar da Phase II, sannan Step Three, sannan Phase IV. Kowane faifai yana ƙara matsawa daga rok zuwa kiɗan fonk, daga nan zuwa disko, domin abin da gidajen rawa ke nema ke nan. Odumosu ya bar su ya shiga Osibisa, shahararriyar ƙungiyar nan ta 'yan Gana da 'yan Karebiyan da ke Landan. Akwai abubuwa masu kyau a faya-fayan baya, ban musa ba, amma wannan sautin na mutum uku tsirara, ba ƙaho ba ado, bai sake dawowa ba. Daga baya Berkley da Laolu suka koma bayan fage suna shirya wa wasu faifai. Laolu ne ya shirya Ace na Shina Peters a 1989, faifan da ya girgiza ƙasar nan. Mutane da yawa da suka yi rawarsa ba su san cewa mai shirin tsohon makaɗin rok ba ne.

Sauran aikin mantuwa kuma mu muka ƙarasa shi da hannunmu. Kaset ya zo ya kori faifai, masu satar fasaha suka cika kasuwa, tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanonin waje suka tattara nasu ya nasu suka bar harkar. Faya-fayan da ke gidaje aka jibge su a sito, rana ta lanƙwasa wasu, damina ta ci kwalayen wasu, yara suka yi wasan gare da sauran. Ba mu tanadi wurin ajiya ba, ba mu rubuta tarihin makaɗan ba.

Sai da aka shekara kusan talatin, sannan wasu ƙananan kamfanoni na Ingila suka fara bin sawu. A 2001 kamfanin Strut ya fitar da tarin waƙoƙi mai suna Nigeria 70, ya sa Chant to Mother Earth a ciki. A 2008 kamfanin Soundway ya fitar da Nigeria Rock Special. A 2013, shekara 40 cif bayan fitowarsa, kamfanin Mr Bongo ya sake buga Chapter One gaba ɗayansa. Wani ɗan ƙasa mai bincike, Uchenna Ikonne, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen tono tarihin wannan zamani, aikinsa ya fito a 2016 da sunan Wake Up You, amma shi ma kamfanin Amurka ne ya buga. Ban ga laifin waɗannan mutane ba, sun kyauta, ba don su ba da wataƙila ni da kai ba mu ji faifan da kunnenmu ba. Laifin namu ne. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami, har baƙo ya zo daga wata uwa duniya ya nuna mata hatsin da ke ƙarƙashinta.

Kuma kada ka ɗauka wannan labari ya tsaya a Legas. A yau masu jitar ƙasar Nijar, irin su Bombino na Agadas da Mdou Moctar, suna cika manyan dandamali a Turai da Amurka da jita mai lantarki a kan kiɗan Buzaye. Faifan Bombino mai suna Deran na 2018 har ya shiga takarar Grammy. Hanyarsu daban, tarihinsu daban, amma dabarar ɗaya ce da wadda samari uku suka gwada a 1973, wato a ɗauki kayan kiɗan zamani a ɗora su kan bugun gida. Tambayar da nake yi ita ce, wa yake adana nasu a gida? Wa yake adana kasusuwan Shata da na Ɗanƙwairo da ke ruɓewa a akwatunan iyayenmu?

Saboda haka shawarata gare ka guda biyu ce. Ta farko, ka nemi Chapter One, yanzu yana samuwa a intanet cikin sauƙi, ka saurare shi daga farko har ƙarshe a lokacin da hankalinka yake kwance, kada ka yi ta tsallake. Gani ya kori ji, a nan kuwa ji ne zai kori labari. Ta biyu, in akwai tsohon faifai ko kaset a gidanku, ko na wane ne, kada ka bari a zubar. Ka share masa ƙura, ka ajiye shi a inuwa, ka tambayi dattawa labarin mai shi tun suna raye, ka rubuta. Abin da kasuwa ta ƙi a yau ba lallai ne ya zama marar daraja ba, sau da yawa lokacinsa ne bai yi ba.

Allah ya sa mu san darajar namu tun yana hannunmu, amin.