Kwamfaila Ba Ta Sauke Kayan da Mai Rubutu Ya Ɗora

Duk manhajar da ke cikin wayar ɗan kasuwa a Gusau, ko cikin na'urar POS a tashar motar Tsafe, sai da ta bi ta hannun kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa umarnin da inji ke ganewa. Mu da muke wannan sana'a mun san tun asali a kan sauri aka raini kwamfaila, ƙanƙantar manhaja kuwa aka bar ta a baya. Lokacin da John Backus da abokan aikinsa suka fitar da kwamfailar FORTRAN a kamfanin IBM a 1957, fargabarsu ita ce masu rubutu da hannu su ƙi ta idan ta yi nawa. A 1971 Frances Allen da John Cocke suka tattara dabarun inganta manhaja, kuma manya daga cikinsu, kamar kwafo ƙaramin aiki a liƙa shi duk inda aka kira shi, suna samar da sauri ne ta hanyar ƙara girma. Ma'aunin SPEC da aka kafa a 1988 shi ma sauri yake aunawa, kuma abin da ake aunawa shi ake gyarawa.

Ƙananan na'urori ne suka tilasta aka waiwayi girma. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ARM ya fito da tsarin Thumb, inda umarni ke cin bit 16 maimakon 32, manhaja ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Kwamfailar GCC, wadda Richard Stallman ya fitar a 1987, daga baya ta sami zaɓin -Os na rage girma, kwamfailar Clang kuma ta ƙara da -Oz. Da Google ya sa ƙirƙirarriyar basira ta riƙa zaɓar inda za a kwafo aiki, ragin da ya sanar a 2022 kashi 3 zuwa 7 ne. A lura da kyau: babban ragi daga ƙirar inji ya fito, kwamfaila tsince-tsince take yi. Masana lissafi ma sun tabbatar babu kwamfailar da za ta iya gano mafi ƙanƙantar siffar kowace manhaja. Facebook Lite da ya fito a 2015 bai kai megabayit 1 ba, domin mutane ne suka zauna suka yanke abin da za a zubar da abin da za a mayar wa manyan kwamfutocin kamfanin.

Wani zai ce ma'adanar waya ta yi araha, wannan wahalar banza ce. Arahar ba ta iso wurin manomin Bungudu mai ƙaramar wayar itel ba, wanda sai ya goge hotunan bikin 'yarsa kafin WhatsApp ya sabunta, kuma kowane megabayit da kuɗinsa yake saye. Da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021, abin da waya ta riga ta ɗauka, da wanda ake iya turawa daga waya zuwa waya, shi kaɗai ya yi amfani. Wani kuma zai ce rage girma na rage sauri. Hakan na faruwa, amma ba kullum ba: manhajar da ta shige ƙaramar ma'adana mai sauri da ke jikin furosesa takan riga wadda aka kumbura, musamman a waya mai rahusa.

Saboda haka nauyin yana wuyanmu. Kwamfaila za ta aske kaɗan, amma ba ita ta jawo tarin ɗakunan karatun manhaja, wato gutsattsarin manhaja da wasu suka riga suka rubuta, don aiki ɗaya tak ba. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Gusau da malamansu, ku riƙa auna girman abin da kuka rubuta kamar yadda kuke auna saurinsa, ku kuma gwada shi a kan irin wayar da iyayenku suke riƙewa.