Daga filin silima zuwa ɗaki mai taga

Silima ta farko a ƙasar Hausa ba ta san matsalar taga ba, don ba ta da rufi ma. Rex ta Kano, wadda aka buɗe a 1937, fili ce mai katanga, kuma haka akasarin gidajen silima na Yamai da Maraɗi suka kasance a bayanta. Duhu kyauta ne, sai dai a jira shi: ba a kunna majigi sai rana ta faɗi. Dalili kuwa, majigi haske kaɗai yake iya jefawa a bango. Baƙin da ka gani cikin hoto, duhun wurin ne. Sauti kam ba mai tsare shi, unguwa duka na jin waƙar Indiya ko ba ta biya ko dala ba.

Zuwan kaset ɗin bidiyo a shekarun 1980 ya sauya lissafin. Da finafinan Hausa suka bunƙasa bayan Turmin Danya na 1990, kallo ya shiga ɗaki, kuma ya koma na kowane lokaci, har da tsakar rana. Nan taga ta zama abokiyar gaba: tana shigo da haske, tana fitar da ƙara.

Abin lura, tsohon ɗakin banko irin na Birnin Zinder ya riga ya warware rabin wannan rigima tun ba a san tele ba. Bango mai kauri, taga ƴar ƙarama can sama, rufin azara da ƙasa. Sauti nauyi yake tsoro, shi ya sa katangar laka take riƙe shi. Da aka koma siminti da kwano da manyan tagogi, sai murya ta riƙa dukan bango tana dawowa, ruwan sama kuma in ya sauka bisa kwano sai dai a kalli bakin ƴan wasa.

Masu gidajen kallo sun yi ta dabara: bargo, buhu, tabarma, kwali, daga baya rido mai kauri. Duk waɗannan suna tare haske, suna rage amsa-kuwwa cikin ɗaki, amma maƙwabci bai samu sauƙi ba, don ƙara tana bin duk kafar da iska ke bi. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango, mu dai a ganinmu, ya fi kwantar da hankalin mai ɗaki bisa ga kunnen maƙwabta.

To, in an toshe kowace kafa, a watan Afrilu wa zai zauna ciki? Ga zafi, ga katifar soso da wasu ke jinginawa a taga, abin da wuta ke ci kamar ƙirare, ga wayoyin kuran a tsirara. Gobarar silimar El Duniya ta Kano a 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta nuna abin da wuta ke yi a wurin kallo da ya cika.

Falon gida na yau, mai tele shafaffe da manyan sifika, ya gaji wanga ciniki yadda yake. Waɗanda suka iya ba su kashe taga: tele ba ta fuskantar ta, rido ya wuce faɗinta ya sauka har ƙasa, murfin katako ko ƙarfe a rufe lokacin kallo, a buɗe in an gama. Tagar yamma ce dai har yanzu mai wuyar sha'ani, daga la'asar zuwa magariba.