Yadda Lissafin Gwamnati Ya Bar Takarda Ya Koma Kwamfuta

'Yan uwana masu karatun akanta, musamman mu da ke digiri na biyu a Jami'ar Abuja, ga wani tarihi da ya shafi neman aikinmu kai tsaye.

Da can, aikin akanta a ma'aikatun Abuja da hannu ake yin sa: katon littafin lissafi, biro, da fayil-fayil na takardun biya. A 2007 gwamnatin tarayya ta fara biyan albashi ta tsarin IPPIS domin maganin ma'aikatan bogi. Wannan IPPIS ɗin ne ASUU ta yi ta ja da shi, har ya zama ɗaya daga cikin dalilan yajin aikin 2020 da ya zaunar da mu a gida.

A 2011 aka kafa hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa, FRC. A 2012 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suka koma ƙa'idojin duniya na IFRS, a shekarar kuma ofishin Babban Akanta na Ƙasa ya ƙaddamar da GIFMIS, inda ake sarrafa kasafin kuɗi da biyan kuɗi. A Satumbar 2015 Shugaba Buhari ya wajabta asusun bai-ɗaya, kuɗin shiga suka koma bi ta Remita. Ko kuɗin makarantarmu ai ta nan muke biya. A 2016 ma'aikatu suka fara bin IPSAS mai rubuta bashi da kadara, ba tsabar kuɗi kawai ba.

Kun ga, cikin shekara tara aikin ya sauya kama, amma a aji har yau da alli ake zana mana shiga da fita. To wa zai cike giɓin? Mu ne da kanmu.

GIFMIS ba a koyon sa a ɗaki, sai ma'aikata ta buɗe maka. Amma Excel, QuickBooks da Sage 50, wanda yayyenmu suka sani da Peachtree, duk ana koyon su a YouTube. Ka ɗauki cinikin wata guda na shagon wani ɗan uwanka, ka shigar, ka fitar da riba da asara, ka daidaita da takardar banki. Idan bai daidaita ba, ka bi layi-layi har ka gano inda aka kuskure. Ranar intabiyu, abin da za a ce ka yi a gaban kwamfuta ke nan.

Wanda ya riga ya fara, don Allah ya faɗa mana da wace manhaja ya soma.